Wasiƙa Zuwa Ga Masu Zanen Fuskokin Mutane

'Yan'uwa masu fensir da burushi,

Ina son mu yi magana a kan wani tsoho Ba'amurke, Charles Willson Peale, da aikin da ya yi a farkon shekarar 1819 yana da shekara 77. An haife shi a 1741 a Maryland, kuma sana'ar sirdi ya fara koya tun yana yaro a Annapolis kafin hannunsa ya karkata ga fenti. Ya je Landan ya yi karatu a wurin Benjamin West, ya dawo ya zana George Washington tun 1772, kafin ma Amurka ta sami 'yanci. Manya ne abokan cinikinsa, har Shugaba James Monroe, wanda zanensa na cikin abin da ya kai Peale birnin Washinton a ƙarshen 1818.

A can ne ya ji labarin wani dattijo baƙar fata a Georgetown da ake cewa ya haura shekara 130. Peale mutum ne mai son sanin sirrin tsawon rai, sai ya tashi takanas ya neme shi. Sunansa Yarrow Mamout, Musulmi daga Afirka ta Yamma, wanda masu bincike ke ganin Bafulatani ne. An sauke shi a Annapolis a matsayin bawa a 1752, ya yi shekara 44 a hannun iyalin Beall, aka 'yanta shi a 1796, ya sayi gida a 1800, har ya mallaki hannun jari a banki. Shekarunsa na gaskiya tamanin da 'yan kai ne.

Ku nemi hoton Yarrow da Peale ya zana ku ƙura masa ido. Yana gidan adana zane-zane na Filadelfiya. Hular saƙa a kansa, babbar rigar sanyi a jikinsa, tamoji a goshi da gefen ido, furfura a haɓa, ga wani murmushi da ya fi ƙarfi a ido fiye da a baki. Peale bai rage masa shekaru ba, bai haska masa fata ba, bai kuma mai da shi abin tausayi ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, to amma sai mai zane ya bar fuskar yadda Allah Ya yi ta kafin ta ba da amsa.

Abin da ke damuna ke nan da yawancin aikinmu na yau. A turo maka hoto ta WhatsApp, wanda tun a waya an riga an goge shi, kai kuma ka ƙara gogewa. A share tsagar gado, a daidaita hanci, a wanke launi, har uwar mutum ta kalla ta yi shakka. Na san mai biyan kuɗi yana son ya fito da kyau, kuma da wannan kuɗin ake cefane. Duk da haka, ku roƙi mutum ya zauna a gabanku ko na awa ɗaya ne. Ku ja shi da hira, domin a lokacin da ya manta ana kallonsa ne kamanninsa ke fitowa.

Sannan ku riƙa rubutu. Peale ya rubuta a littafinsa cewa Yarrow ba ya cin alade, ba ya shan giya, kuma akan ji shi a titi yana yabon Allah. Wannan rubutun na cikin abubuwan da suka sa aka san addinin mutumin da halinsa. Ba na wanke Peale, domin shi ma ya mallaki bayi, ciki har da Moses Williams, wanda ya yi shekaru yana yanka hotunan inuwar fuska a gidan tarihin Peale. Amma a wannan aikin ya bai wa tsohon bawa kulawar da yake bai wa shugaban ƙasa.

Roƙona shi ne, a cikin kowane aiki goma da za ku yi wa gwamna ko amarya, ku ware ɗaya ga wanda ba zai iya biya ba: ladanin unguwa, ungozoma, maƙeri, mai ga-ruwa. Ku nemi izininsa tukuna. In kun gama, ku rubuta sunansa da garinsa da sana'arsa da shekarar aikin a bayan allon, ku kuma ba iyalinsa kwafi.

Wassalam.