Kada a ƙona tsofaffin mujallu

'Yan uwa, tun 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ta kafa dokar hana leda. Amma ku zaga kasuwar Gure yau: leda a kan ƙaya, leda cikin tumbin awakinmu. An hana, ba a ba mai gyaɗa abin da zai ƙunshe gyaɗarsa ba.

Ni a ganina, rabin maganin yana jibge a biro-biro da gidajen ma'aikata: tsofaffin Sahel Dimanche da Jeune Afrique da gara ke ci, ko a cinna musu wuta. Masu kyau a fara kai su kolaji da lise. Ga ɗan lakwal mai shirin BEPC, labarin bara ma darasin Faransanci ne. Waɗanda suka yage a naɗe su, a liƙe da ƙaro, wanda ba mu rasa ba a nan, su zama 'yan jakunkuna na dabino, kanwa da busasshiyar kuɓewa.

Sai dai don Allah ban da tsire da ƙosai mai zafi. Mai yana narkar da tawada, ta bi abinci zuwa ciki.

Wanda ke da tari a gida ya ajiye mana, za mu bi unguwa-unguwa mu karɓa.