Idan Janareta Ya Ƙi Tashi, Kada A Fara Da Famfo

A makon jiya wani ɗan'uwa mai sana'ar ƙanƙara a Agege ya same ni rai a ɓace. Janaretansa na man dizal ya ƙi tashi, ga ƙanƙara tana narkewa, shi kuwa bakanikensa tun kafin ya ɗauki sifana ya yanke hukunci wai sai an kwance famfon injekta. Daga bisani aka tarar iska ce ta shiga bututu, domin an bar tanki ya ƙafe. Aikin 'yan mintoci ya so ya cinye masa ribar wata guda.

Kamata ya yi mai inji ya san yadda abinsa ke aiki. Injin dizal, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya kammala a 1897, ba shi da fulogi irin na injin fetur. Iska ake matsewa a cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan famfo ya tura mai, nozul ta fesa shi kamar hazo, ya kama da kansa. Idan iska ta shiga hanyar man, famfon zai yi ta matsa ta kamar soso, mai kuwa ba zai isa ba.

Saboda haka a bi abin daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada. Da farko a tabbata akwai mai a tanki, makunnin man a buɗe yake, maɓallin kashewa na gaggawa kuma ba a danne yake ba. A saurari batir, domin injin da ba ya juyawa da sauri ba ya tara zafin da zai kunna mai. Kada a wuce daƙiƙa 15 ana juya shi ba tare da hutu ba, don kada kik ya ƙone.

Yayin da ake juyawar, a dubi bakin salansa. Idan babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya isa silinda. In kuwa fari ne ke fita, man ya isa amma bai ƙone ba, watau ko hita ta mutu, ko matsin silinda ya ragu, ko lokacin feshin ya goce.

In babu hayaƙi, sai a saurari solinoyid, watau ɗan maɓallin lantarki da ke buɗe wa famfo hanyar mai. Lafiyayye yakan yi ƙara "ƙyas" idan an murɗa makulli. Bayan haka a tsiyaye ƙasan filta a cikin kwalba mai haske. Ruwa ya fi dizal nauyi, don haka a gindin kwalbar zai kwanta. Filtar da ta toshe a canja ta. Sa'an nan a sassauta notin fitar da iska da ke kan filta, a yi ta danna ɗan famfon hannu har kumfa ta ƙare, mai ya fito zalla, a ɗaure.

A nan akwai gargaɗi babba. A tsofaffin injuna irin su Lister da Perkins na da, makanikai kan sassauta notin bututun nozul don fitar da ragowar iska. Amma a sababbin injuna masu kwamfuta, matsin mai yakan kai ninki 2,000 na matsin iskar da muke shaƙa, kuma ba a taɓa waɗannan bututai inji yana juyawa. Ko a tsohon inji, feshin nozul yana huda fata. Wanda ya huda ya garzaya asibiti nan take, ko da raunin bai fi tsinin allura ba, domin jinkiri kan jawo asarar yatsa.

Sai an gama duk wannan ne za a zargi famfo da nozul, kuma wurin masu na'urar gwaji ake kai su, ba a warware su a kan tabarma cikin ƙura. A kuma guji man da aka gauraya da kananzir, domin dizal ɗin da kansa ne ke shafe cikin famfon, kananzir kuwa ba shi da isasshen maiƙo.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.