Ingilishin jika 150: don Allah a daina sayen iska



Waɗanda suka saurari shirinmu na matasa a makon jiya sun ji wani uba da ya kira muryarsa na rawa. Lokaci ya ƙure mana a gidan rediyo, shi ya sa muka ce bari mu ƙarasa maganar a nan, inda babu mai ɗaga mana hannu ta bayan gilashi ya ce saura minti ɗaya.

Ga abin da dattijon ya faɗa. Ɗansa ya samu bak. Wata jami'a ta ƙasar waje da ke koyarwa da Ingilishi ta yarda ta ɗauke shi, har da rangwamen kuɗin karatu, amma sai ya kawo sakamakon jarrabawar Ingilishi ta intanet kafin a rufe karɓar dosiye. Saura kwana 20. Sai wani mutum ya fito cikin wani rukuni na WhatsApp ya ce kada su damu, a turo jika 150, shi zai shirya komi. Dattijo ya sayar da tumaki biyu da buhunan wake. Ranar jarrabawa yaro ya zauna gaban kwamfuta, wani yana raɓe a gefe yana nuna masa amsa. Bayan kwana biyu saƙo ya zo: ba a amince da jarrabawar ba, an hana shi sakamako. Lambar dillali ba ta shiga har yau. Dosiye kuma an rufe.

To jama'a, kuka ba zai maido tumaki ba. Mu faɗa wa juna gaskiya, ko da za ta yi ɗaci.

Da farko, a san dalilin da ya sa wannan kasuwa ta buɗe. Shekaru kaɗan baya, yaron da ya samu bak idonsa na Faransa ko Maroko ko Aljeriya, inda turancin Faransa ke isar sa. Yanzu hanyoyi sun sake. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe tun farkon 2024. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ɗiyanmu na duban Najeriya da Ghana da Turkiyya da Indiya da Maleshiya, ga kuma ƙungiyoyin agaji da ke son ma'aikaci mai Ingilishi. Buƙata ta tashi sama, shiri bai tashi ba. Duk inda aka samu irin wannan giɓi, dillali ne ke fara isowa.

Dillalan kuwa iri uku ne, kuma duk mun san su. Akwai mai cewa zai zauna maka jarrabawar ko ya tsaya bayan labule. Akwai mai sayar da "tambayoyin da za su fito". Akwai kuma mai liƙa takarda a bangon lise yana alkawarin Ingilishi cikin kwana 15, da sakamako tabbas. Na ukun nan ya fi sauran kama da mutumen kirki, yana da allo da benci da rasit, amma alkawarinsa ƙarya ne tsagwaronta.

Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, don duk wanda ya san yadda jarrabawar take, ba za a ci kuɗinsa ba.

Sunaye uku ne kuka fi ji: TOEFL na wata cibiya ta Amurka mai suna ETS, da IELTS wanda British Council da IDP da Cambridge ke riƙe da shi, sai na Duolingo. IELTS ana auna shi daga 0 zuwa 9, jami'o'i da yawa na neman 6 ko 6.5. Na Duolingo daga 10 zuwa 160 ne, kusan awa ɗaya ake yi, sakamako na fitowa cikin kwana biyu. TOEFL ya samu nau'in da ake yi a gida tun 2020, lokacin annobar korona. Dukkansu shekara biyu sakamakonsu ke aiki.

Wanda ake yi a gida ɗin nan shi ke ruɗin mutane. Ana ganin tunda babu mai gadi a tsaye da takalmi mai ƙara kamar ranar bak, to an saki jaki a gona. Kuskure ne babba. Kyamarar kwamfuta na kallon fuskarka daga farko har ƙarshe, makirfo na jin duk motsin ɗaki. A TOEFL na gida akwai mutum da ke kallonka kai tsaye, kuma sai ka zagaya da kyamara ka nuna masa ɗakin kafin a fara. A na Duolingo ana ɗaukar komi, mutane su zauna su duba kafin a saki sakamako. Idonka ya yawaita barin allo, matsala. Wani ya shigo, matsala. Ka sa abin sauraro a kunne, matsala. Ranar bak mushe ɗaya ke duba ɗalibai da yawa. A nan kai kaɗai ne ake kallo.

Mai sayar da tambayoyi kuma, a tambaye shi waɗanne? Jarrabawar Duolingo tana bin ƙarfin mai yi ne: ka amsa daidai ta kawo mai wuya, ka kuskure ta sassauta. Mutum biyu su zauna rana ɗaya ba za su ga abu ɗaya ba. Abin da yake sayar muku jika 10 a cikin waya, misalai ne da masu jarrabawar suka zuba kyauta a shafukansu. Ruwan rijiyar gidanku ne ya ɗura a leda ya sayar muku.

Mai buga takardar bogi shi ma aikin banza yake. Jami'a ba ta dogara da hoton da ka turo. Sakamakon daga masu jarrabawar yake zuwa mata, ko ta shiga ta tantance da kanta. Takarda mai hatimi mai kyau da aka buga a siber ɗin unguwa, ko ƙunshin ƙosai ta fi ta amfani.

Kuma abin bai tsaya ga mai laifi ba. A 2014 tashar BBC ta bankaɗo maguɗin wata jarrabawar Ingilishi a wasu cibiyoyi na Ingila. Abin da ya biyo baya, gwamnatin ƙasar ta soke bizar dubban ɗalibai baƙi, cikinsu har da waɗanda suka yi shekaru suna rantsuwa ba su yi maguɗi ba. Idan muka bari sunan Nijar ya shiga bakin masu tantancewa a matsayin wurin da ake sayen sakamako, yarinyar da ta yi wata shida tana karatu da fitilar waya ita za ta biya bashin da ba ta ci ba.

Yanzu a ɗauka ma dabara ta ci. Yaro ya samu maki mai kyau, ya sauka a jirgi, ya shiga aji. Malami ya buɗe baki na awa biyu, ba Hausa, ba Faransanci. Wa zai raɓe bayan labule a nan? Zanen aro ba ya rufe katara. Wata uku ko huɗu, a zo jarrabawar zango, a kore shi ko a janye tallafi, ya dawo gida ko ya ɓace cikin baƙon gari don kunya. Wannan asara ta fi ta tumaki biyu nesa ba kusa ba.

Amma kada mu ɗora wa dillali komi. Mu ma da namu. Mu da muka yi lakwal, tun aji na farko na kwaleji ake koya mana Ingilishi, shekara bakwai har bak. Mun haddace jerin aikatau, mun cike gurabe, wasunmu sun ci 14 ko 15 bisa 20. Amma sau nawa muka buɗe baki muka yi magana ta minti ɗaya cikin aji mai ɗalibi 70 ko 80? Mu kanmu masu wannan rubutu, ranar da aka fara haɗa mu da wani baƙo mai Ingilishi a gidan rediyo, gumi ya wanke mu. Mun gane rabin abin da ya ce, amsa kuma ta maƙale a maƙogwaro. Makin bak na takarda da biro ne. Jarrabawar nan kunne take nema da baki, ga agogo na gudu. Wanda ya ɗauka 15 ɗinsa ta lise ta ishe shi, shi ya fara yaudarar kansa kafin dillali ya zo.

Wasu kuma na cewa ai mu ƴan iyaka ne, muna shiga Katsina da Kano da Sakkwato, muna jin Ingilishi. Wannan taimako ne, ba mu raina ba. Sai dai Ingilishin ciniki a tasha daban, na laccar jami'a daban. A jarrabawa za ka ji muryar Ba'amurke da ta ɗan Ingila, wani lokaci har ta ɗan Ostareliya, suna magana kan tsirrai ko tarihi ko tattalin arziki.

Mun san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za su ce jarrabawar ta yi tsada, kuma gaskiya ne: TOEFL da IELTS kowanne ya haura jika 100, na Duolingo ya fi sauƙi amma shi ma kuɗi ne, ga wahalar neman katin banki da za a biya da shi. Za su ce kuran na ɗaukewa, rezo na yankewa, ɗan Yamai mai kwamfuta a ɗakinsa ba ɗaya yake da ɗan Dakwaro ko Tanut ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma za mu ci gaba da faɗar sa a rediyo har masu iko su ji. Amma ku duba lissafin: wanda aka zalunta da tsada, in ya je wurin dillali sau biyu yake biya, ya tashi babu ko ɗaya. Talauci dalili ne na a yi shiri sosai a zauna sau ɗaya a ci.

To mene ne shirin?

Kafin ka kashe ko dala, shiga shafin jami'ar ka karanta wace jarrabawa take karɓa, da makin da take so, da ko ta yarda da wadda ake yi a gida. Ba kowace ke karɓar kowace ba. Mun ga wanda ya ci jarrabawa da kyau, ashe ba ita aka nema ba.

Sannan ka auna kanka da gwajin kyauta da ke shafin masu jarrabawar. In makin ya yi nisa da abin da ake so, ka yarda. Mai Ingilishin lise da ke son kai matsayin jami'a watanni yake buƙata, kullum awa ɗaya ko biyu. Gara ka bar wannan shekara ta wuce da ka ƙone kuɗin gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kullum ka saurari Ingilishi, ka tsayar, ka maimaita da ƙarfi. Ka ɗauki muryarka a waya kana bayanin wani abu na minti ɗaya, misali yadda ake noman albasa a Galmi, ka saurara, ka gyara, ka sake. Mu ma'aikatan rediyo haka muka koyi aiki, kuma babu wanda ya ji daɗin muryarsa ranar farko. Ku ƴan fada, shayin nan na awa uku, ku ware rabin awa ba Hausa ba Faransanci. Za a yi dariya. Dariyar abokai a kan tabarma ta fi shirun da za ka yi gaban kyamara.

Ka koyi buga rubutu a kwamfuta da agogo a gabanka. A nan ma akwai tarko: allon haruffan da muka saba da shi na Faransa ne, inda A take can Q take a na Ingilishi, Z da W ma sun yi musaya. In za ka ari kwamfuta, ka are ta tun da sauran mako biyu hannunka ya saba. Waya kaɗai ba ta isa a zauna jarrabawar da ita.

Ka shirya ɗaki kamar yadda ka shirya kai. Ƙofa mai rufuwa, haske a fuska, batir cike, rezo da ka gwada a daidai lokacin da za ka zauna. A gaya wa mutanen gida kada kowa ya leƙo, ko da kawo ruwa ne. Ka duba lokacin kiran salla da na tashin injin niƙa na maƙwabta. Sunan da ka rubuta ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi, don mu nan Mahamadu ɗaya na iya samun rubutu uku a takardu uku. Ƴan uwa mata masu hijabi, akwai doka kan bayyanar kunne, ku karanta ta tun da wuri ku san yadda za ku ɗaura.

Ga iyaye kuma, da girmamawa. Baba, inna, duk wanda ya ce muku sakamako tabbas ne, ku riƙe aljihunku. Malamin gaskiya zai fara gwada yaro, ya ce muku ga inda yake, ga watannin da suka rage. Irin waɗannan malamai suna nan cikin garuruwanmu, da yawansu masu koyar da Ingilishi ne a kwaleji da lise, kuɗinsu bai kai rabin na dillali ba. Su ya kamata a nema. Kuma ku daina matsa wa yaro da cewa ɗan wane ya tafi. Matsin nan shi ke tura su hannun macuta.

Dattijon da ya kira mu ya ce ɗansa ya daina fita fada don kunya. Mun roƙi a kawo mana shi, mun zauna da shi, ya yi gwajin kyauta a kwamfutar wani abokin aikinmu. Makin ya yi ƙasa, amma ba ƙasan da za a fid da rai ba. Ya fara karatu, yana nufin shekara mai zuwa. Allah ya dafa masa.

Wanda aka taɓa cuta ta wannan hanya, ya rubuto yadda aka yi ba tare da kama suna ba, don na baya su gane salon. Malaman Ingilishi da ke shirye su ba da awa ɗaya a mako saboda Allah, ku yi magana, za mu haɗa ku da matasan unguwanninku. A tura wannan ga duk gidan da ke da ɗan bak.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba mu alheri, ya raba mu da macuta.