ADDU'A DA LIKITA BA KISHIYOYI BA NE

'Yan uwana 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu, yau zan taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Abokin ɗakina ya dawo daga hutu bayan an kai hari ƙauyensu. Ya daina barci, ya daina zuwa lakca, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura. Na kai maganar ga shugabannin zumuntarmu. Me suka yi? Suka ɗora wa mutumin da dama ba ya cin abinci azumin kwana 3. Da abin bai tafi ba, aka ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. Sirrin da ya faɗa wa mutum ɗaya, ran Laraba sai ga shi an karanto a cikin batutuwan addu'a gaban kowa. Sati 2 bayan haka na farka cikin dare na tarar yana rubuta wa mamarsa saƙon bankwana.

Haba jama'a! Wane Littafi Mai Tsarki muke karantawa?

Ku buɗe 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya, wanda ya kira wuta ta sauko a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai ce masa mai ƙarancin bangaskiya ba. Mala'ika ya kawo masa gurasa da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sāke ciyar da shi. Sai daga baya aka tambaye shi damuwarsa, aka saurare shi, aka haɗa shi da Elisha don kada ya zauna shi kaɗai. Abinci, barci, sauraro, abokin tafiya. Abin da masana halayyar ɗan Adam ke fara dubawa ke nan har gobe. Abokan Ayuba ma kwana 7 ɗin da suka yi shiru tare da shi ne alherinsu. Suna buɗe baki suka fara laƙaba masa zunubi, daga ƙarshe Allah ya tsawata musu.

Idan zazzaɓin cizon sauro ya kama shugaban zumunta, asibitin makaranta yake nufa, ba wanda ke cewa ya ja da baya. Luka da ya rubuta Bishara ai likita ne. To don me ciwon damuwa kaɗai ya zama aljani?

Ku ma 'yan ajin ilimin halayya da kuka karanta Freud kuka dawo kuna ganin addini ruɗu ne, ban ƙyale ku ba. Yaron da ya tashi a cikin majami'a, da Zabura yake kuka. Ka ce masa ya ajiye Allah a bakin ƙofa kafin ya shigo ofishinka, ba zai dawo ba. Farfesa Adeoye Lambo ya gane wannan tun 1954 a Aro, Abeokuta: ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu, bai raina abin da mutane suka gaskata ba.

Abokina yana raye. Mun kai shi asibiti, aka tura shi wurin wata ƙwararriya. Ta tambaye shi ko yana so a sa addu'a cikin zamansu, ya ce e. Suna buɗewa da addu'a, sannan a yi aikin: yadda zai bi da tunanin da ke farautarsa, ga maganin barci daga likita. Ya rubuta jarabawa.

Don haka ga roƙona. Shugabannin zumunta, ku san iyakarku. Wanda ya ambaci mutuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ranar, addu'a ta bi shi a hanya. Sirrin mutum amana ne. 'Yan uwa Musulmi, na san kuna da irin wannan muhawara kan ruƙiyya, ku ma ku duba.

Muna nesa da gida, mu ne iyayen juna. Duba wanda ke gadon kusa da naka yau da dare.