Riɗinmu Ya Daɗe Da Isa Japan, Bakinmu Ne Bai Isa Ba

Idan ka tsaya gaban mai tallan kantu a nan Sarkin Yamma ko a babbar kasuwar Maraɗi ka ce mata "goma", abin da za ta ji shi ne dala goma, nan take ta miƙo maka kaya. To amma da za ka faɗi wannan kalma a kasuwar birnin Tokyo ko Osaka, riɗi za a ɗebo maka, domin kuwa sunan riɗi ke nan da harshen Japan. Abin ya yi kama da wasa, sai dai akwai maganar kuɗi a ƙarƙashinsa, kuma ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami a yau.

Mutanen Japan suna daga cikin manyan masu cin riɗi a duniya. Suna matse mansa, suna barbaɗa shi a kan shinkafa, suna kuma haɗa miya da shi. Amma kusan ba su noma shi, sama da kashi 99 cikin 100 na abin da suke ci daga waje suke sayowa, fiye da tan dubu 100 a kowace shekara, kuma Najeriya tana sahun gaba cikin ƙasashen da ke sayar musu. Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ya san cewa wani kaso na riɗin da ake cewa na Najeriya ne, daga gonakinmu na jihar Maraɗi ya fito. Macen da ta sheƙe shi ta auna da tiya a ƙauye, daga hannunta sai dillali, daga nan sai mai sito a Dawanau ko Maigatari, sai kamfanin da ke tacewa, sai jirgin ruwa a Legas. Kowa ya yagi rabonsa a hanya, kuma mafi tsoka yana hannun wanda ya iya magana da mai saye na ƙarshe. Mu da muka sha rana a gona ba mu taɓa jin muryar wannan mai saye ba, ba mu san abin da yake so da abin da yake ƙi ba.

Ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata a gundumar Madarunfa za su zaɓi wasu 'yan tsiraru daga cikin 'ya'yanmu masu kaifin ƙwaƙwalwa, maza da mata, su sa su koyon harshen Japan domin amfanin kasuwarmu.

Su Japanawan ai tuni suka riga mu. Tun cikin shekarun 1980 matasansu 'yan aikin sa-kai suka riƙa zuwa Nijar, suna zama a ƙauyuka, suna cin tuwo da mu, suna koyon Hausa da Zabarmanci, har lokacin da matsalar tsaro ta sa aka janye su. Kwamitocin kula da makarantu da muka fi sani da COGES, hukumar JICA ta Japan tana da hannu a kafuwarsu, ta hanyar shirin makaranta domin kowa da aka fara a jihar Tawa a 2004 kafin ya bazu ko'ina a ƙasa. Wani kamfaninsu ya riƙe kashi 25 cikin 100 na COMINAK, mai haƙar yuraniyom a yankin Arlit, wanda aka kafa a 1974 aka rufe a 2021. Farfesa Shuichi Oyama na Jami'ar Kyoto ya fara bincike a yankin Dogon Dutsi tun shekarar 2000, inda ya ga yadda manoma Hausawa ke zuba shara a faƙo don ƙasa ta farfaɗo, ya ɗauki dabarar ya faɗaɗa ta. Shuji Matsushita na Tokyo kuwa ya shafe shekaru yana nazarin Hausa da Gwandara. Sun zo sun koyi bakinmu, sun san abin da ke gidanmu. Mu fa, me muka sani game da nasu? Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu iya magana.

Za a ce harshen yana da wuya. Gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba. Makarantar da ke horar da jami'an jakadancin Amurka ta sa shi a rukunin harsuna mafi wuya, tana ƙiyasta awa 2,200 na darasi kafin mai jin Ingilishi ya ƙware. To amma wannan lissafi na Bature ne, kuma akwai wuraren da Bahaushe ya fi shi sa'a. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, irin namu sak. Suna bambanta gajeren wasali da dogo kamar yadda muke bambanta gari na zama da garin tuwo: obasan ita ce gwaggo ko inna, obaasan kuma kaka. Suna nanata baƙi kamar yadda baba ya bambanta da babba: kite na nufin zo, kitte kuma kan sarki na wasiƙa. Hatta hawa da saukar murya, wanda ke raba kukan yaro da kukar miya, suna da irinsa: ame idan muryar ta sauka ruwan sama ne, idan ta hau alewa ce. Waɗannan abubuwa su ne ke karya harshen Bafaranshe da Ba'amurke, mu kuwa da su muka sha nono.

Ga masu kasuwa, ga ɗan ɗanɗano. Ƙidaya daga ɗaya zuwa goma ita ce ichi, ni, san, yon, go, roku, nana, hachi, kyuu, juu. "Nawa ne?" shi ne ikura desu ka. Takai tsada, yasui araha, arigatou na gode. Manyan kuɗi da dubu goma-goma suke lissafa su, suna kiran kowace dubu goma man, wato dubu 50 a wurinsu man biyar ce. Baƙo kan rikice a nan, amma matar da kullum take juya sefa zuwa dala da jika a kanta, ta kuma juya su zuwa naira idan ta tsallaka Jibiya, wannan ba zai ba ta tsoro ba. A jimla kuwa aikatau a ƙarshe yake zuwa, kamar ka ce "ni riɗi saya", kuma duk wanda ya yi hulɗa da Barebari ya san harshensu ma haka yake tafiya. Suna da kalmomin girmamawa hawa-hawa, yadda ake magana da abokin ciniki daban da yadda ake yi da aboki, mu ma da muke ce wa babba "ku" da "ranka ya daɗe" mun san wannan tarbiyya.

Inda gizo ke saƙa shi ne rubutu. Iri uku suke haɗawa a layi ɗaya. Akwai hiragana mai haruffa 46 da katakana mai 46, kowane harafi gaɓa ce guda, kamar ka, ki, ku. Yaron da ya wuce babbaƙu da farfaru a makarantar allo, idan ya ɗauki biyar a rana yana rubutawa yana wankewa, cikin wata guda zai riƙe duka biyun. Na ukun shi ne kanji, wanda suka aro daga Sin, kowace alama da ma'anarta. Gwamnatinsu ta tsayar da 2,136 a 2010 a matsayin na amfanin yau da kullum, kuma 'ya'yansu ma sai sun yi shekara shida a firamare kafin su koyi 1,026. Wannan aikin shekaru ne, kada kowa ya yaudare mu da cewa wata uku ya isa. Sai dai jarrabawar harshen da ake kira JLPT, wadda aka fara a 1984, matakai biyar gare ta, daga N5 zuwa N1, kuma matakin farko kimanin kanji 100 da kalmomi 800 yake bukata. Mai ba shi awa ɗaya kullum bayan sallar Asuba zai iya kai wa nan cikin shekara.

To a ina za a koya? Gidan rediyon Sin ya buɗe sashen Hausa tun 1963, amma NHK ta Japan tana da Swahili, ba ta da Hausa. Saboda haka dole a bi ta Faransanci ko Ingilishi ko Larabci, kuma a nan ne 'ya'yanmu da suka gama lakwal da ɗaliban Islamiyya za su yi rana. NHK tana da darussa 48 na masu farawa kyauta a intanet cikin waɗannan harsuna. Gidauniyar Japan Foundation ta fitar da littafin Irodori a 2020, ana sauke shi tare da muryoyinsa ba da ko dala ba. Akwai kuma Minna no Nihongo, wanda ya fito a 1998, yana da bayani da Faransanci. Mutum ɗaya ya shiga Maraɗi ya sauke darussa a waya, a buga takardu, mutum biyar su zauna ƙarƙashin rumfa ɗaya. Mai koyo shi kaɗai yakan yi sanyi a wata na biyu, amma idan biyar ne suna yi wa juna tambaya, kunya ma ta isa ta hana mutum ajiye littafi.

Kada a ɗauka Baƙar fata bai taɓa yi ba. Zomahoun Rufin ɗan Benin ya isa Japan a 1994, ya koyi harshen har ya yi suna a talabijin ɗinsu, ya dawo ya buɗe makarantar Japananci ta kyauta a Kwatano a 2003, daga baya ya zama jakadan ƙasarsa a Tokyo daga 2012 zuwa 2016. Kwatanon nan dai da alhazan Maraɗi suka shekara da shekaru suna ɗauko kaya. Oussouby Sacko ɗan Mali ya shugabanci Jami'ar Kyoto Seika daga 2018 zuwa 2022.

Akwai masu cewa ai Sinanci ya fi amfani, tunda yawancin kayan da ke rumfunanmu daga Guwanzu suke, kuma baburan kabu-kabu ma na Sin da Indiya sun kori Honda da Yamaha. Suna da gaskiya, kuma wanda ya ga Sinanci ne hanyarsa Allah Ya ba shi sa'a. Za mu ƙara musu da cewa hatta Toyota da muke hawa galibi ta Amurka da Turai take biyowa, domin motocin cikin Japan sitiyarinsu a dama yake. Amma a lura da bambanci guda: a Sin mu ne masu saye, kuɗinmu ne ke fita, a maganar riɗi kuwa mu ne masu sayarwa. Wasu kuma za su ce manyan kamfanonin Japan ai suna jin Ingilishi. Suna ji, kuma shi ya sa kowane dillali daga Legas zuwa Dubai yake gaban layi. Wanda ya gaishe su da bakinsu, ya karanta takardarsu ba tare da tafinta ba, shi ne ba za su manta da fuskarsa ba.

Sannan harshe kaɗai ba ya sayar da kaya. Tun 2006 Japan ta kafa doka cewa maganin ƙwari da ba a tsayar masa da iyaka ba, idan ya wuce kashi ɗaya cikin miliyan 100 a abinci, kayan ba za su shiga ba. Suna kuma binciken gubar da ke fitowa idan hatsi ya yi hunhuna. Mun ga yadda Tarayyar Turai ta hana waken Najeriya shiga a 2015 saboda maganin da ake zubawa a sito. Idan muna da ɗa ko 'ya da ke karanta waɗannan sharuɗɗa ya fassara mana da Hausa, mace za ta san dalilin shanya riɗi a kan tamfol maimakon ƙasa, mai sito ya san abin da fesa magani ke jawo masa.

Gargaɗinmu na ƙarshe ga iyaye ne. A watan Agustan 2025, lokacin taron Japan da Afirka a Yokohama, labari ya bazu cewa an ware birnin Kisarazu domin 'yan Najeriya har da biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta ƙaryata maganar bizar, kuma a watan Satumba JICA ta soke shirin baki ɗaya. Irin wannan ƙura ita ce abincin 'yan damfara. Duk wanda ya ce ki sayar da awakinki ya kai ɗanki aiki Japan, ki rufe masa ƙofa. Gurbin karatu na gwamnatin Japan ta ofishin jakadancinsu ake nema, na Abuja ga 'yan Najeriya, na Abijan ga 'yan Nijar, ta hanyar jarrabawa, kuma su ne ke biyan kuɗin makaranta da na jirgi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Muna kira ga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda a nan jihar Maraɗi aka haife su a 1991, da su ware wani abu daga asusu don kuɗin buga takardu da cajin waya na yara biyar. Muna kira ga alhazan riɗi su ɗauki nauyin wanda ya yi fice ya je ya zauna jarrabawa. Muna kuma roƙon Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ta duba yiwuwar buɗe ajin yamma, ko da malami ɗaya ne. Mu iyaye kuma mu rage wa yarinyar da aka zaɓa awa ɗaya daga talla, kada mu ce karatun banza take yi.

Allah Ya sa albarka a nomanmu da kasuwarmu, Ya kuma shirya mana zuri'a, amin.