Halin mai saye ake dubawa, ba tutar ƙasarsa ba

Tun da Pierre Omidyar ya buɗe kasuwar gwanjo ta intanet a 1995, wadda daga baya ta zama eBay, tambaya ɗaya ke damun mai sayarwa: wanda ya taya kayanka daga wata uwa duniya, ɗan ciniki ne ko ɗan damfara? Masu sayarwa da dama a Amurka da Ingila sun ɗauki gajeriyar hanya. Kamfanin ya ba su damar ware ƙasashen da ba za su aika kaya ba, sai su soke Najeriya, wasu ma Afirka ɗungurungum. A ganina kasala ce kawai. Abin da ke tona asirin mazambaci shi ne yadda yake tafiyar da ciniki, kuma ba ya iya ɓoye shi.

Dubi tsohuwar dabarar nan ta biyan kuɗi fiye da kima. An sallama masa kwamfuta a dala 600, sai ya aiko cekin dala 2,000, ya ce kuskure ne, a taimaka a tura ragowar ga wani wakilinsa ta Western Union. Bankin Amurka kan saki kuɗin ceki cikin 'yan kwanaki, amma gano cewa na jabu ne kan ɗauki makonni. Kafin nan kwamfuta ta tafi, ragowar ta tafi, banki kuma ya dawo kan mai asusu ya karɓe kuɗinsa. Wani kuma imel ɗin ƙarya zai turo mai ɗauke da tambarin PayPal, wai an biya, ana jiran lambar bin sawun kaya kafin kuɗi ya faɗo. Wani bayan ya biya sai ya roƙi a canza adireshi, ɗansa na karatu a wata ƙasa, kyauta ce ta gaggawa. Duk hanyarsu ɗaya: sai sun janye ka daga cikin kasuwar zuwa inda babu shaida. Wanda ya ƙi fita, ya duba asusunsa da idonsa kafin ya ɗaure kaya, ya aika zuwa adireshin da ke jikin odar kaɗai, ya nemi sa hannun mai karɓa idan kayan sun kai dala 750 kamar yadda ƙa'idar eBay ta tanada, ya toshe musu yawancin ƙofofi. Ba banza kamfanin ya hana biya ta Western Union ba. A 2017 ita kanta ta amince ta biya dala miliyan 586 a sasantawa da hukumomin Amurka kan sakacin da ya bar 'yan damfara suna amfani da ita.

Za a ce ai wake ɗaya ke ɓata gari, kuma ba a ƙirƙiri sunan 419 don zalunci ba, lambar sashe ce a dokar laifuffuka ta Najeriya. Gaskiya ne, 'ya'yanmu sun ja mana. Sai dai soke ƙasa ba ya kama ƙwararren ɓarawo. Shi da asusun sata yake saye, mai tarihin yabo na shekaru, ya sa a kai kayan gidan wani a cikin Amurka wanda aka ruɗa da sunan aikin sake aika fakiti. Wanda shingen ke tarewa shi ne makanikin Kano mai neman kayan gyaran injin da kuɗinsa na halak.

Akwai hujjar da ta fi wannan nauyi, kuma ba na raina ta. Mai saye na iya bin kowace ƙa'ida, ya karɓi kaya, sannan ya ce wa bankinsa bai san da cinikin ba, ko ya ce kwali fanko aka kawo masa, kuma kamfanin eBay ya fi karkata ga mai saye. Idan ƙasar tasa gidan waya ba ya nuna inda fakiti ya kwana, mai sayarwa ba shi da abin kare kansa. A nan tsoro yana da dalili, amma dalilin na hanyar aikawa ne. Kaya mai tsada a bi da shi ta DHL da inshora, mai saye ya biya kuɗin, ko ta tsarin eBay na aikawa ƙetare, inda mai sayarwa ke kai kaya cibiyar kamfanin a cikin ƙasarsa, ɓata ko lalacewa daga nan kuma ya zama alhakin kamfanin. Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, ko daga Landan yake, a soke cinikin a kai rahotonsa.