Wasiƙa Zuwa ga 'Yan'uwana Masu Yi wa Baƙi Jagora

Daga Tudun Wada, Jos.

Ya 'yan'uwana direbobi da 'yan jagora, ku da Allah Ya sanya abincinku a hannun baƙo, na ga ya kamata in rubuto muku nasiha game da wata tambaya wadda babu ɗayanmu da ba a taɓa yi masa ita ba. Ita ce wadda baƙo kan yi sa'ad da ya gama abin da ya kawo shi garin nan, ko biki ne ko taro ko kwas a Kuru, ya duba ya ga yana da rarar kwana uku ko huɗu kafin ranar komawa, sa'an nan ya juyo ya ce, "Malam, ina kuma ya kamata in gani?"

Abin da na lura da shi shi ne, yawancinmu da jin haka sai mu zazzage masa sunaye, Yankari, Kano, Argungu, Mambila, Obudu, kamar mai lissafa kayan lefe, alhali kuwa ƙasar nan jiha 36 ce, kuma tsakanin wasu wuraren da muke ambata a numfashi guda akwai tafiyar yini biyu cur. Baƙon da aka yi wa haka yakan ƙare kwanakinsa a kujerar mota, ya koma gida da ciwon baya, in an tambaye shi abin da ya gani ya ce kwalta. Maslaharsa ita ce ku fara tambayarsa kwana nawa ne a hannunsa, da abin da ransa ke so, ko daji ko tarihi ko hutawa kawai, bayan haka ku zaɓa masa hanya guda ɗaya tak.

Kafin ma a fita gari, ku tabbata ya ga abin da ke ƙofar gidanmu. Gandun namun dajin da ke maƙwabtaka da unguwarmu, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, ya isa hantsi guda. Amma inda nake so ku daɗe da shi shi ne gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a 1952, gaban kawunan nan na yumɓu da ake kira na Nok. Ku bar shi ya tsaya ya dubi idanun, yadda aka zana su da kusurwa uku aka huda tsakiyarsu, da irin kitson da aka yi wa kan, sa'an nan a hankali ku gaya masa cewa masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu a 1928, kuma wani shahararren kai daga cikinsu da ake kira kan Jama'a, kafin ya zo hannun Fagg, a gonar doya aka kafa shi don korar tsuntsaye, alhali ya haura shekara 2,000 a duniya. Ban taɓa ba da wannan labari ba face na ga baƙo ya yi shiru. Daga nan ku zaga da shi filin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zazzau, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, domin a nan ne za ku gane ko zuciyarsa ta karkata ga birane ko ga daji.

In mai son daji ne, hanyarsa gabas ce, ta Tilden Fulani da Toro zuwa Bauchi, inda ya dace a tsaya a ziyarci kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah Ya jiƙansa, kana a ɗauki hanyar Gombe, a ratse a Dindima zuwa ƙofar Yankari da ke Mainamaji. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, kuma ruwan Wikki, wanda ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai har kana ganin yashin ƙasansa, ɗuminsa na nan wajen digiri 31 dare da rana. Sai dai a nan ina da laifin da zan faɗa a kaina. Wata shekara cikin Agusta, saboda kwaɗayin kuɗin mota, na kai wani magidanci da iyalinsa ba tare da na gaya musu cewa da damina ciyawa kan shanye tsawon mutum ba, dabbobi kuma su watse cikin daji tun da ko'ina akwai ruwan sha. Muka yi kwana biyu ba mu ga kome ba sai gwaggon biri, ɗaya ma ya fizge ledar burodi daga hannun ƙaramar 'yarsu. Mutumin bai yi mini faɗa ba, ya biya ni cif, ya yi godiya, kuma wannan godiyar ta fi mari ciwo. Lokacin Yankari rani ne, sa'ad da ƙishirwa ke tara giwaye da ɓauna a bakin kogin Gaji.

In kuwa mai son tarihi ne, sai ku nufi arewa ta Saminaka, ko dai a bi Pambeguwa a shiga Zariya, ko a ratsa dajin Falgore a faɗa Kano, ga Dala, ga Kurmi, ga Gidan Makama, ga karofin Ƙofar Mata. (Kowace kuka bi, akwai wata Tudun Wada a gabanku, don haka ku bayyana wa baƙo tun da wuri, kada ya zaci kewaye kuke yi da shi.) Katsina da Gobarau, Daura da rijiyar Kusugu, sai mai kwana biyar, Sakkwato da Hubbaren Shehu tafiya ce mai zaman kanta. Mambila kuwa, duk da ni'imarta, kada ku ambata ta ga wanda bai da mako guda. Wanda kwana ɗaya kaɗai ya rage masa, ku kai shi duwatsun Riyom, ku gangara Hawan Kibo zuwa ruwan Assop, ku dawo da shi kafin magariba.

Akwai kuma mas'alar riwaya, wadda ta fi damuna. Malamanmu na hadisi ba su karɓar zance sai da isnadi, mu kuwa sai mu tsaya gaban dutse mu ƙaga masa aljanu da shekaru don baƙo ya ƙara mana na goro, shi kuma ya rubuta a littafinsa ya kai ƙasarsu a matsayin ilmi. Ku rarrabe masa tsakanin abin da aka tabbatar da abin da mutanen wurin ke faɗa, ku ce "haka dattawan garin suke ruwaitowa", wannan ba ya rage wa labari armashi ko kaɗan. Haka nan idan kun isa garin da ba naku ba, ku nemi ɗan gari ku damƙa masa jagorancin, ku koma ɗalibai tare da baƙonku, gama ɗan Jos da ke bayanin Kurmi a gaban Bakano abin dariya ne, kuma shi ɗan garin ma yana da iyalin da zai ciyar. A ƙauyukan Filato, inda kusan kowane tudu da harshensa da al'adarsa, a fara gaida mai gari, kuma kada a ɗauki hoton mutum ko wurin ibadarsa sai da izini.

Batun lafiyar hanya ba na wasa ba ne. Labarin makon jiya ba hujja ba ne yau; ku je tasha da asuba ku tambayi direban da ya iso jiya da yamma, in ya ce a dakata, ku gaya wa baƙo gaskiya ko da cinikin zai rushe, kuma kada dare ya same ku a daji da amanar mutane.

Wanda zai dawo ya kwana a Jos tsakanin Disamba da Janairu, ku tuna masa ya bar rigar sanyinsa a sama cikin jaka, domin wanda ya yi wanka a Wikki da hantsi yakan manta cewa garin da zai kwana ya ɗara mita 1,200 a bisa teku, sai ya sauka daga mota a Tudun Wada haƙoransa na kaɗawa.

Wassalam.

Naku,
wani tsohon ɗan jagora.